Hatsi Na Shago, Takardu Na Birni: Wa Zai Sayar Da Abincin Tallafi A Tambuwal Da Kebbe?

Duk lokacin da aka ce gwamnati za ta raba abincin tallafi, mutanen Tambuwal da Kebbe sun san yadda abin zai kasance tun kafin ya iso. Tirela za ta taso daga Sakkwato ta biyo hanyar Jega, a sauke buhuna a sakatariyar ƙaramar hukuma ko harabar wata makaranta, a kafa kwamiti, a kira kansiloli da masu unguwanni. Jama'a su shiga layi tun da asuba. Mai ƙarfi ya kutsa ya samu, tsohuwa da gurgu su koma gida da ƙura a jiki. Kafin la'asar kuma sai ka ga wasu daga cikin buhunan a kasuwa, da hoton wanda ya bayar a jikinsu.

Akwai wata hanyar da ƙasashe da dama suka koma wa. Maimakon a yi dakon abinci daga birni, sai a ba mabuƙaci kati ko lamba a wayarsa, ya je shagon da ke kusa da gidansa ya ɗauki gero ko shinkafa ko wake da man girki, daga baya hukuma ta biya mai shagon ta banki. Nijeriya ba ta da tsayayyen shiri irin wannan na ƙasa baki ɗaya. Amma an gwada shi da taki a nan jihar Sakkwato, ana kuma yin sa da abinci a Borno da Yobe. Ranar da zai zo mana gadan-gadan, tambayar farko ita ce: wane shago ne za a yarda ya karɓi katin? Takardu ne za su amsa wannan tambaya, kuma kamar yadda abubuwa suke a yau, yawancin masu shagunan Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi da Ungushi ba za su tsallake ba.

Maganar ba ƙarama ba ce a wurinmu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 a Nijeriya na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma jihar Sakkwato ce a kan gaba, da kusan mutum 9 cikin kowane 10. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Jihar da ke cikin wannan hali, tallafin abinci ba zai daina zuwa mata ba. Abin da ya rage a tantance shi ne aljihun da kuɗin tallafin zai sauka: na ɗan kwangilar birni, ko na mai awon hatsi da ke zaune cikin mutanen.

Abin da taki ya riga ya nuna

A 2012, zamanin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan noma, gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin da aka fi sani da GES. Gwamnati ta janye hannunta daga saye da rabon taki. An yi wa manoma rajista, aka riƙa tura musu saƙo ta waya, manomi ya je cibiyar karɓa ya biya rabin kuɗin buhu biyu, ya ɗauki takinsa da iri daga hannun dillalin da aka amince wa. Sauran rabin kuma gwamnatin tarayya da ta jiha su biya dillalin. Kamfanin Cellulant ne ya gina manhajar.

Ba a daɗe ba aka gane cewa waya da sabis ba su kai ko'ina ba. Wani manomin ba shi da waya, wani lambar ɗansa ya bayar ɗan kuma ya tafi cirani, wani saƙon ya shigo amma babu mai karanta masa. Shi ya sa a 2014 aka gwada wani salo a wurare biyu kacal, Abuja da jihar Sakkwato, ƙarƙashin cibiyar IFDC mai aikin bunƙasa taki. Aka ɗauki hoton manoma, aka ba su kati, a cibiyar karɓa sai a ɗora katin a jikin wata ƙaramar kwamfutar hannu, hoton mai shi ya fito, ko da babu sabis a wurin. Wato manoman jihar nan sun riƙe katin tallafi sun kai shi gaban ɗan kasuwa shekaru fiye da goma da suka wuce. Abin ba baƙo ba ne.

Amma wanda ya tsaya a cibiyar karɓa a wancan lokaci ya ga wani abu. Dillalin da ke bayan tebur sau da yawa ba mutumin da ya saba sayar da taki a kasuwar garin ba ne. Kafin a ba ka cibiya sai kana da kamfani mai rajista, da asusun banki da sunan kamfanin, da ɗakin ajiya, da jarin da za ka sayo tireloli ka jira a biya ka, ko bankin da zai yarda ya ba ka rance. Wanda ya shekara ashirin yana awon taki da kwano a ƙofar kasuwa ba shi da ko ɗaya. Sai ya koma yaron wanda ke da takardun, yana yi masa lodi da ƙirga buhu.

Waɗanda suka samu shiga ɗin ma ba duka suka ji daɗi ba. Bayan sauyin gwamnati a 2015, dillalan sun shafe shekaru suna bin bashin biliyoyin naira, alhali bankuna na ƙirga musu ruwa. Har yau idan ka ɗauko wa tsohon dillali maganar sabon shirin gwamnati, tambayarsa ta farko ita ce yaushe ake biya. Shirin NAGS-AP da aka fara a noman rani na 2023 da rancen Bankin Raya Ƙasashen Afirka shi ma ta hannun dillalai yake bi, da rangwamen rabin kuɗi, kuma shi ma sai mai takardu.

Takardun, ɗaya bayan ɗaya

Bari mu bi mai shago ɗaya daga Kebbe mu ga abin da ke gabansa. Ba wani sananne ba, irin wanda kowa ya sani a unguwarsu: buhunan gero da dawa a jingine a bango, shinkafa 'yar gida da 'yar gwamnati, jarkar manja da ta man gyaɗa, katan na taliya da magi, sikeli a rataye.

Abu na farko lambar zama ɗan ƙasa, NIN, daga hukumar NIMC. Wannan yawanci yana da ita, domin tun Disamba 2020 aka tilasta haɗa ta da layin waya. Na biyu lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Fabrairu 2014. Ita ma mai yiwuwa yana da ita. Matsalar tana fara ne idan aka ajiye su biyun kusa da juna.

A gida Mamman ake ce masa. Ma'aikacin da ya yi masa BVN ya rubuta Mohammed, wanda ya yi masa katin ɗan ƙasa ya rubuta Muhammadu. A ɗaya an sa sunan mahaifinsa a matsayin sunan ƙarshe, a ɗayar an sa sunan garinsu, kamar yadda aka saba yi mana tun a makarantar firamare. Ranar haihuwa kuwa, da aka tambaye shi ya ce shekarar da aka yi fari ce, sai wannan ya rubuta 1 ga Janairu na wata shekara, wancan ya rubuta ta wata daban. Mutum ɗaya ne, kowa a garin zai iya dafa Alƙur'ani a kan haka. Kwamfuta kuwa mutum biyu take gani, kuma ba ta jin magiya. Kafin a daidaita sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya biya kuɗin gyara, gyaran ranar haihuwa kuma ya fi na suna tsada nesa ba kusa ba, sannan ya jira. Duk ranar da ya tafi wannan zirga-zirga shagonsa a rufe yake, ko a hannun yaro. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, daga ƙauyukan Kebbe ya fi haka, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya.

Na uku rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa don a wanke mai shagon: bai karya doka ba don bai yi rajista ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ya yi kasuwanci da sunansa na gaskiya ba tare da rajista ba. Sai ya laƙaba wa shagon wani suna daban ne rajista ke wajaba a kansa. Amma babu hukumar gwamnati ko ƙungiyar agaji da za ta ƙulla yarjejeniyar biyan kuɗi da shagon da ba shi da wannan takarda. Doka ba ta tilasta shi ba, ciniki ya tilasta shi.

Rajistar yanzu ta intanet ake yin ta. Ana neman suna biyu da yake so a zaɓi ɗaya, da NIN, da hoto ɗan ƙarami, da sa hannu, da adireshin shago, da lambar waya, da imel. Imel ɗin nan shi ne ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Mai shago ba shi da shi, sai yaron da ke shagon intanet ya sa nasa. Takarda ta fito, aka buga masa, ya sa a leda ya ajiye ƙarƙashin katifa. Bayan shekara biyu ana son wani gyara, ko ana son ya cika bayanan shekara-shekara da doka ta ɗora wa duk mai rajista, yaron ya bar gari da imel ɗinsa da lambar sirri. A kundin CAC kuma an nuna kasuwancin ba ya aiki, alhali kullum shagon a buɗe yake. Wannan bayanin na shekara-shekara kaɗan ne cikin masu shagunan karkara aka taɓa gaya musu akwai shi.

Sau da dama gwamnati ta sassauta kuɗin. A ƙarshen 2018 an rage shi daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani lokaci. A 2020, bayan ɓarkewar annobar korona, aka yi wa ƙananan 'yan kasuwa 250,000 rajista kyauta a faɗin ƙasa, a 2025 kuma CAC da hukumar SMEDAN suka sake sanar da wani adadin irin wannan. Duka ta intanet. Wanda ke da babbar waya a birni ya ji labari da safe ya cika kafin azahar. Labarin kan iso ƙauye irin Girkau bayan an rufe.

Na huɗu lambar haraji. Tana fitowa cikin sauƙi ga mai rajistar CAC, amma sunanta kaɗai na korar mutane. Abin da ake ji a bakin 'yan kasuwa shi ne, ka yi rajista ka nuna wa 'yan haraji ƙofar gidanka. Ba a banza suke faɗa ba, domin sun saba da masu rasit iri-iri ranar kasuwa. Sai dai sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025, ta fara aiki a Janairu 2026, ta ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, kuma ribar ake dubawa, ba jimillar ciniki ba. Wannan bayani ya kamata a riƙa yin sa da Hausa a rediyo har ya shiga kunnen kowa.

Na biyar asusun banki da sunan kasuwancin. Banki zai nemi takardar CAC da lambar haraji da BVN, da mutum biyu masu asusu da za su tsaya masa, da kuma shaidar adireshi, wadda galibi takardar kuɗin wutar lantarki ake nufi. Garin da turakun wuta suka faɗi shekaru ba a tayar ba, ina zai samo takardar kamfanin wuta na Kaduna? Layin da shagonsa yake ma ba shi da suna, balle lamba. Adireshinsa na gaskiya shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da mai faci.

Bayan waɗannan akwai rasit na kuɗin shago na ƙaramar hukuma, da rajistar wurin kasuwanci ta jiha, da na'urar POS, da kula da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kayan gwangwani da na leda. Idan kuma aka ɗauki abin a matsayin kwangilar gwamnatin tarayya aka bi dokar sayen kaya ta 2007, sai a ƙaro shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun fansho da na asusun horas da ma'aikata da na inshorar ma'aikata. A wannan matakin ba mai shagon ƙauye kaɗai ba, har manyan 'yan kasuwar cikin garin Tambuwal sun fita. Wanda ya rage shi ne mutumin da kamfaninsa ke cikin jakar hannu, ba shi da ko kwano ɗaya na gero, amma kowace takarda tasa sabuwa ce.

Yadda wasu suke yi

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi daɗewa da wannan tsari ita ce Amurka. Dokar shirin tallafin abincinta ta kafu a 1964, a 2008 aka sauya wa shirin suna zuwa SNAP, yana kuma ciyar da mutum kimanin miliyan 40 ta shaguna kimanin 250,000. Mai shagon da ke son karɓar katin yana cika takarda ɗaya, FNS-252, a ƙarƙashin ma'aikatar noma, kuma ba ya biyan ko sisi. Ana neman shaidarsa mai hoto, da lambarsa ta ɗan ƙasa, da lasisin shagon, da bayanin cinikinsa. Hukuma na da kwana 45 ta ba shi amsa. Izinin kuma ana sabunta shi duk shekara 5.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne nauyin tantancewar ba a kan takarda yake ba, a kan kanta yake. Ƙa'idar da aka yi shekaru ana aiki da ita ta ce shago ya kasance yana da abinci na yau da kullum a rukuni huɗu: hatsi da burodi, nama da kifi, madara da danginta, sai ganye da 'ya'yan itace. Kowane rukuni iri uku, kowane iri aƙalla guda uku a ajiye. Ko kuma fiye da rabin cinikinsa ya zama na irin wannan abinci. Ana turo mutum ya shiga shagon ya duba da idonsa ya ɗauki hoto. Wanda aka kama yana karɓar kati yana ba da tsabar kuɗi a maimakon abinci, ana iya korarsa daga shirin har abada. Shigar da sauƙi, hukuncin ha'inci da tsanani. Mu kuwa mun saba da akasin haka.

A Indiya shagunan farashi mai rahusa kusan rabin miliyan ne ke raba hatsi ga mutum kimanin miliyan 800 ƙarƙashin wata doka ta 2013. A gida kuma, Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, wadda ta buɗe aiki a arewa maso gabas a 2016, ta riƙa ba 'yan gudun hijira kati suna zuwa shagunan da ta yi yarjejeniya da su a Maiduguri da wasu garuruwa. Ita ma tana neman rajista da asusun banki, tana kuma duba tsaftar shago da farashi. 'Yan kasuwar da suka shiga sun samu ciniki, kuɗin kuma ya zagaya a kasuwar garin maimakon ya tsaya a hannun mai kawo kaya daga nesa.

A gefe guda, mun ga abin da rabon wuri ɗaya ke haifarwa. A Fabrairu 2024 Hukumar Kwastam ta fara sayar da shinkafar da ta kama, buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000, a Yaba da ke Legas. Turereniya ta ci rayuka, aka dakatar. A Satumba na shekarar gwamnatin tarayya ta fito da buhu mai kilo 50 a kan naira 40,000, sai mai NIN, a 'yan cibiyoyi ƙalilan. Da an raba wannan shinkafa cikin dubban shaguna, babu wanda zai kwana a layi.

Takardar da babu ofishin da ke tambaya

Akwai wata takarda a kusan kowane shagon hatsi a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kuma a ganina ta fi duk waɗancan faɗin gaskiya game da mai shagon. Littafin bashi ne. Galibi littafin 'yan makaranta ne mai shafi arba'in ko sittin, bangonsa ya yi baƙi da mai, wani da boko aka rubuta, wani da ajami. Gidan wane, gero kwano biyu. Matar marigayi wane, shinkafa kwano ɗaya da manja rabin kwalba. Wani layin an soke shi, an biya. Wani ya kwana biyu ba a soke ba, mai shagon kuma bai aika ba, don ya san halin da gidan ke ciki.

A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, wannan littafi shi ne ke riƙe da gidaje da yawa. A farkon 2023 da takardun naira suka ɓace daga hannun mutane, shi ne ya ciyar da unguwanni. Mutanen da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan iyakar Zamfara suka sauka gidajen 'yan'uwa, sunayensu sun shiga littafin nan kafin su shiga kowane kundin gwamnati. Mai shagon ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, don ya ga yarinyar gidan ba ta zo awo ba kwana biyu.

To a ce tallafi ya zo, a ba waɗannan gidaje kati, sannan a ce katin ba ya aiki sai a wani babban kanti a hedikwatar ƙaramar hukuma. An yi ɓarna biyu ke nan. Matar da aka ba katin za ta kashe wani kaso na amfaninsa a kuɗin kabu-kabu, ko ta ba wani ya karɓo mata ya cire nasa. Mai shagon da ya ɗauke ta shekara da shekaru kuma an ɗauke masa cinikin a daidai lokacin da kuɗi ya samu. An bar shi da bashin, an kai wa wani tsabar.

Mata kuwa abin ya fi yi musu nisa. Da yawa daga cikin cinikin abinci a garuruwanmu a cikin gida ake yin sa: mai surfe, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai awon shinkafa a zaure ta hannun yara. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 ya nuna ana iya shigo da su, domin an buɗe wa masu dafa abincin asusu, aka yi musu BVN da gwajin lafiya, aka riƙa biyansu kai tsaye, naira 70 kan kowane yaro, daga baya ta koma 100. Ba a nemi su kafa kamfani ba. An dakatar da shirin a Janairu 2024 saboda badaƙalar da ta taso a sama, ba daga wurin matan ba.

Ba cewa nake a yi watsi da takardu ba

Duk wanda ya san yadda tallafi ke zurarewa a ƙasar nan ba zai ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga ba. Idan babu tantancewa, shagunan bogi za su tsiro cikin dare ɗaya, a haɗa baki da masu kati a raba kuɗi, a tauye mudu, a sayar da shinkafar da ta yi ƙwari. Cikin masu shagunan ƙauyen ma akwai mai kwano biyu, na saye daban na sayarwa daban, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Dole hukuma ta san wa take biya.

Amma abin da take buƙatar sani guda uku ne: mutumin nan shi ne wanda ya ce shi ne, shagon nan yana nan da abinci a ciki, ma'auninsa kuma cikakke ne. Na farko NIN da BVN sun isa. Na biyu ziyara ce da hoto, tare da shaidar hakimi ko uban ƙasa da ta shugaban 'yan kasuwa, waɗanda za su ɗauki alhaki idan ƙarya ta fito. Wannan shaida ta fi takardar kuɗin wuta ƙarfi a garin da babu wuta. Na uku kuma aikin sashen awo da ma'auni ne na ma'aikatar ciniki ta tarayya, da sikeli ɗaya tantacce a kowane shago. Sauran takardun a bar su ga masu kwangilar tireloli.

Rajistar CAC da gyaran suna kuma a kawo su inda mutane suke. Idan hukumar zaɓe na iya kai na'ura kowace mazaɓa, ma'aikatan NIMC da CAC da banki ɗaya na iya zama tebur guda a sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe na 'yan makonni, ranakun kasuwa, mutum ya shiga da matsalarsa ya fito da takardunsa. An ga yadda masu POS suka yi tururuwar rajista a 2024 da aka sa musu wa'adin Yuli, aka ƙara zuwa Satumba. Mutanenmu ba sa ƙin takarda idan sun ga abincinsu a cikinta. Mazaɓar tarayya ta Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi gwamna shekara takwas bayan nan. Yankin da ke da irin wannan murya a Abuja ba zai rasa wanda zai nemo masa teburin rajista ba.

Sai a tuna da darasin 2014: na'urar ta kasance mai aiki ko babu sabis. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro. Tsarin da ya dogara kacokan a kan sabis, ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da zai tsaya.

Biya kuma shi ne uwa uba. Babban dillali na iya jiran wata shida. Mai jarin buhu goma idan aka riƙe masa kuɗi mako uku, shagonsa ya mutu, littafin bashin nan ma ya mutu tare da shi. Duk yarjejeniyar da ba ta rubuta ranar biya da abin da zai biyo baya idan aka saɓa ba, kada ƙaramin ɗan kasuwa ya sa mata hannu, ko wa ya kawo ta.

Kai kuma Alhaji mai shago, kada ka jira sanarwa, domin idan ta fito kwanakinta kaɗan ne. Ka ɗauko katinka na ɗan ƙasa da bayanan BVN ɗinka, ka sa ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka su harafi bayan harafi, idan sun saɓa ka fara gyara tun yanzu. In za ka yi rajistar CAC, a buɗe maka imel naka na kanka, a rubuta maka lambar sirrin ka adana, ka kuma tambayi lokacin cika bayanan shekara. Ka raba kuɗin shago da na cefanen gida a banki, ka riƙa ajiye rasit na ƙaramar hukuma. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe su tattara sunayen membobinsu da abin da kowa ya rasa, su kai wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu da ɗan majalisarsu a rubuce, tun kafin wani ya zo daga birni da nasa jerin.